Ruwa a Ƙarƙashin Kafet: Yadda Ake Gano Inda A-kori-kura Ke Yoyo

Ruwa ba ya tsami banza, haka ma kafet ɗin mota ba ya jiƙewa haka kawai. Idan aka kwana ana ruwa, ka buɗe a-kori-kurarka da safe wani wari ya tare ka kamar na rigar da aka manta a bokiti, gilasai kuma sun yi gumi ta ciki, to akwai ƙofar da ruwa ya samu. Wahalar ita ce ruwa ba ya zama a bakin ƙofar da ya shigo. Wanda ya shigo ta rufi sai ya bi ginshiƙin gefen gilashi, ya kama jikin waya, ya silale ƙarƙashin kafet, ya je ya kwanta a wurin ƙafar direba. Kai kuma ka durƙusa a nan kana zargin robar ƙofa.

Da kuɗina na koyi wannan darasi. Na taɓa sayen Hilux mai ƙofa huɗu a gwanjon wata ma'aikata, cikin tsakiyar rani, lokacin da ko rariya ka saya ba za ka san tana yoyo ba. Damina na sauka sai ga ruwa a ƙarƙashin takalmina. Mai gilashi ya zagaya motar sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa gilashin gaba da ɗan yatsa, ya ce, "Alhaji, ai an taɓa canza wannan, gam ɗin ne bai kama ba." Aka cire, aka mayar, na biya. Ruwan da aka yi bayan kwana uku ya shigo kamar ba a taɓa komai ba. Daga ranar na daina biyan kuɗin zato.

Kayan aikin ba su da yawa: tocila mai haske, tiyon ruwa ko bokiti da buta, farin tsumma, sikundireba, tef irin na masu fenti, hodar jarirai, ɗan ƙaramin madubi, sai mutum guda mai haƙuri da zai zauna a cikin motar. Wannan na ƙarshen ya fi sauran wuyar samu.

Mataki na 1: San ko wane irin ruwa ne

Dangwala farin tsumma a wurin da ya jiƙe, ka dubi launi, ka shinshina, ka murza tsakanin yatsu. Kada ka kai baki. Ruwan lagireto na kanti yana da zaƙi-zaƙi, amma guba ne.

Idan ruwan garau ne, da sanyi, ba wari, a gefen fasinja yake, kuma kana ganinsa ko ba a yi ruwan sama ba, to na esi ne. Iska mai laima tana gogar ƙarfe mai sanyi a cikin dashbod sai ta zama raɓa, kamar yadda kwalbar lemo ke gumi idan an ciro ta daga firji. An yi wa wannan ruwa siririn tiyo da ke fitar da shi ƙarƙashin mota, kuma ranar da tiyon ya toshe ko ya zame, a kan ƙafar fasinja zai sauka.

Idan yana da santsi a yatsa, da launin ruwan hoda ko ja ko kore, da wani ɗan ƙamshi mai zaƙi, to hita ce ta fashe. A nan ƙasar mukan manta ma mota tana da hita, tunda sai sanyin hunturu ya matsa ake tuna ta, alhali a motoci da yawa ruwan injin yana zagayawa ta wani ƙaramin lagireto da ke bayan dashbod ko an kunna ko ba a kunna ba. Sai dai akwai inda wannan gwaji yake ruɗar mu. Wanda ya saba ɗura ruwan famfo ko na leda a lagireto ba zai ga wani launi ba, sai ruwa mai ƙasa-ƙasa na tsatsa. Shi alamarsa ita ce lagireto yana shan ruwa kullum ba tare da ya ga ɗigo a ƙasa ba, kafet kuma yana ɗumi bayan tafiya. A duba lagireton da safe kafin a tayar da injin, domin buɗe murfinsa da zafi ya ƙona mutane da dama.

In kuwa abin da ka dangwalo mai ne, a daidai fedar kuloci ko birki, wannan ya wuce maganar yoyon ruwa. Ajiye motar ka kira makanike.

Duk abin da bai faɗa cikin waɗannan ba, ruwan waje ne, kuma shi za mu bi.

Mataki na 2: Tuna yaushe yake zuwa, da abin da aka yi wa motar

Motar da ke jiƙewa tana ajiye, daga sama ruwanta ke zuwa: rufi, gilashi, ƙofa, ko kwarin da ke ƙarƙashin waifa. Wadda ba ta jiƙewa sai an ratsa ruwa da ita, daga ƙasa ne, wato ramukan da ke dandamalinta, ko bangon ƙarfen da ya raba injin da wurin zama. Lura kuma da yadda kake ajiye ta. Wata motar ba ta yoyo sai hancinta ya kalli gangare, wata sai ta karkata gefe guda, domin karkatar ce ke tara ruwa a kan tsagar.

Daga nan ka tambayi kanka hannun wa ya taɓa motar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a sanina yawancin tsagar nan mutum ne ke yin ta. An canza gilashi? Fanel bita ya miƙe ƙofa? An sa sifika, ko tiraka, ko fitilun kan rufi? Riwaya ya ja sabuwar waya daga batir zuwa ciki? Duk inda aka yi aiki na ƙarshe, nan ne abin zargi na farko.

Mataki na 3: Ɗaga kafet, ka busar da komai

Fitar da tabarmin roba. Ɓalle dogayen robobin da ke bakin ƙofa ta ƙasa, da waɗanda ke gefen ƙafar direba da fasinja, a hankali, don maƙalansu sun sha rana sun yi ƙarfi suna saurin karyewa. Sai ka ɗaga kafet ka tura hannu. A ƙarƙashinsa akwai soso ko auduga mai kauri da aka sa don rage ƙara da zafi, kuma shi ne ma'ajiyar ruwan. Sau da yawa saman kafet a bushe, ƙasa kuwa jagab. Kifa kujerar baya, ka fitar da jak da duk tarkacen da ke bayanta, ka taɓa bangon baya.

Kafin hannunka ya kai ga wata waya, cire kan batir mai alamar ragi, ka jira 'yan mintuna. Duk waya ko soket mai launin rawaya na jakar iska ne, kada ka ja shi. Ka sani kuma a motoci da yawa kwamfutar injin, wadda makanikai ke kira birenbos, tana bayan aljihun dashbod ko gefen ƙafar fasinja, daidai inda ruwa ke son sauka. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mutum cewa bari damina ta wuce.

Tokare kafet da katako, buɗe ƙofofi, ka bar motar a rana ta yini, in da fanka ka kunna mata. Ba a ganin sabon ɗigo a wurin da yake jiƙe, don haka wanda ya tsallake wannan mataki ya ɓata na gaba.

Da ta bushe, haska tocila ka nemi sawu. A nan ƙurar hunturun da muke kuka da ita tana yi mana rana: duk inda ruwa ya bi a kan ƙarfe mai ƙura yana barin zane, kamar sawun maciji a yashi. Bi zanen zuwa sama. Dubi silin ko akwai tabo mai zagaye, musamman kusurwoyi. Zaro bel ɗin kujera har ƙarshensa, in ƙarshen da laima ko fumfuna, ruwa yana bin cikin wannan ginshiƙin. Ƙusa mai jan tsatsa a tsakiyar 'yan'uwanta masu tsabta ita ma shaida ce.

Mataki na 4: Duba magudanai kafin ka kunna famfo

Akwai wuraren da aka ƙera su da sanin ruwa zai shiga, aka yi masa hanyar fita. Su ba gam suke so ba, shara suke so.

Na farko shi ne kwarin da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin baƙar robar da waifa ke fitowa. Duk ruwan da ya gangaro daga gilashi nan yake shiga, ya fita ta ramuka biyu a bayan tayoyin gaba. Mu kuwa da rana ta take, gindin dogon yaro muke nema. Ganye da 'ya'yan itace suna zubowa, ƙura ta haɗu da su, ruwan farko ya kwaɓa su su zama taɓo, ramukan su toshe. A cikin wannan kwari ne bakin da fankar mota ke shaƙar iska yake, don haka idan ruwa ya cika ya tumbatsa, ta nan zai kwarara ciki. Buɗe bonet, tsiyaya buta guda a kwarin, ka leƙa bayan tayoyi. In ruwa ya zubo nan take ta gefe biyu, lafiya lau. In ya tsaya, cire robar ka kwashe taɓon da hannu, kada ka yi mamaki in ka tarar da sheƙar ɓera. Motar da ke da matacin iska a bayan aljihun dashbod, zaro shi ka taɓa. Matacin da ya jiƙe ko ya kumbura ya gama ba ka labari.

Na biyu tiyon esi. Mayar da batir, kunna esi na minti 15, ka leƙa ƙarƙashin motar ta gefen fasinja. Da damina ya kamata ka ga ɗigo a ƙasa. In babu, nemo bakin tiyon ka matsa shi, ko ka zura masa waya mai laushi kaɗan. Kada ka soka sifok ɗin keke har can ciki, ƙarfen esi siriri ne, ka huda shi an yi gudun gara an faɗa wa zago.

Na uku ƙofofi. Mutane da yawa ba su san ruwa yana shiga cikin ƙofa ta gefen gilashi kullum ba, yana fita ta 'yan ramuka a ƙasanta. Girgiza ƙofar, in ka ji ruwa na motsi kamar a tulu, tsokale ramukan da tsinke. Abin da ke hana ruwan cikin ƙofa shigowa wurin zama wata leda ce da aka manne a bayan murfin ƙofar. Masu sa sifika da masu gyaran injin gilashi sukan yage ta su yar, don a ganinsu ledar kamfani ce marar amfani. In babu ita, ruwa zai bi bayan murfin ya sauka a bakin ƙofa ta ciki.

Mataki na 5: Gwajin tiyo, daga ƙasa zuwa sama

Nan ne aikin yake. Mutum guda a ciki da tocila da madubi, an rufe ƙofofi da gilasai, kafet a ɗage. Kai kana waje da tiyo. Bar ruwan ya riƙa kwarara a hankali kamar ruwan sama, kada ka toshe bakin tiyon da yatsa. Injin wankin mota mai matsi yana iya tura ruwa ta inda ruwan sama bai taɓa shiga ba, ya sa ka gyara abin da lafiyarsa ƙalau.

Fara daga ƙasa. Dalili shi ne duk ruwan da ka zuba a sama sai ya wanke duk abin da ke ƙasa da shi. In ka fara da rufi ruwa ya shigo, ba ka san ta rufin ya shigo ba, ko ta gilashi, ko ta ƙofa. In ka fara daga ƙasa kana hawa, wurin da ka kai lokacin da ɗigo ya bayyana shi ne mai laifi. Ka ba kowane wuri minti 3 zuwa 5, ka kuma ɗan jira kafin ka matsa, domin wani yoyon sai ya cika wani lungu kafin ya leƙo.

Soma da kwarin tayoyin gaba da bangon bayan injin. Na ciki ya kwanta ya haska ƙarƙashin dashbod, inda sitiyari da wayar buɗe bonet da dunƙulen wayoyi suka ratso. Kowannensu yana da zoben roba. Riwaya mai sauri yakan soke zoben da sikundireba ya tura wayar tiraka ko ta fitila, ruwa kuma ya bi jikin wayar tiryan-tiryan har ciki.

Sai ƙofa: ƙasanta, sannan gindin gilashinta, sannan samanta. Don gwada robar ƙofa, saka takardar naira ka rufe a kanta ka ja. In ta riƙe, robar na kamawa. In ta zame ba gardama, matsa gaba kaɗan ka sake, har ka gane iyakar wurin da ya saki. Zafin Maris da Afrilu yana gasa robar nan ta bushe ta lotsa. Amma dubi ita ƙofar ma, domin motar da ke bin hanyoyin karkara da kaya ƙofarta kan sauka, wadda aka yi hatsari da ita kuwa saman ƙofar kan buɗe baki. Sabuwar roba ba ta gyara karkatacciyar ƙofa.

Daga nan kwarin waifa, gindin gilashin gaba, gefunansa, sannan samansa. Gilashi iri biyu ne. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, roba ce ke riƙe da gilashinsu, kuma a kusurwoyin ƙasa take tsagewa. Na zamani kuwa manne yake da baƙin gam mai ƙarfi. In mai canzawa ya kankare fenti da wuƙa bai shafa maganin tsatsa ba, tsatsa za ta ci ƙarƙashin gam ɗin ta ɗaga shi. Fenti mai kumburi a gefen gilashi alamar haka ne.

Bayan ɗakin direba wuri ne da ake mantawa, alhali a-kori-kura tana da abubuwa uku a nan. Akwai gilashin baya, musamman mai zugewa, wanda hanyar zugewarsa ke da 'yan ramukan fitar ruwa da ƙura ke toshewa. Akwai wasu tagogin roba a bangon baya, a ɓoye tsakanin ɗakin da bodi, masu fitar da iska idan an buga ƙofa, kuma robarsu na tsufa. Sai fitilar birki ta uku. Amurka ta wajabta ta ga ƙananan motoci tun samfurin 1986, ga a-kori-kura kuma tun na 1994, shi ya sa tokumbo irin Tacoma da Tundra da Ford F-150 duk suna da ita a bakin rufi ta baya. Ɗan soso ne kawai tsakaninta da ƙarfe, in ya ruɓe ruwa zai jiƙa silin ta baya ya gangara bayan kujera. A Hilux da yawa fitilar tana jikin murfin bodi, don haka ba ruwanta da wannan magana.

Rufi shi ne na ƙarshe: gindin eriya, ƙusoshin kariyar ɗora kaya, da baƙaƙen robobi biyu da suka miƙe daga gaba zuwa baya. A ƙarƙashinsu ne aka haɗa ƙarfen rufi da na gefe, kuma gam ɗin haɗin yakan tsage. Motar da ke da tagar rufi tana da siraran tiyo a kusurwoyi, su ma a tsiyaya musu ruwa a ga ko yana fita ƙasa.

Tawa motar a nan asirinta ya tonu. Ɗan wana ne a ciki, mun shafe fiye da awa guda ba ɗigo, har ya fara hamma. Ina ɗora tiyon a rufi ta gefen direba, bayan kamar minti 4 sai na ji ya buga gilashi. "Baffa, tsaya! Ga shi nan yana bin ginshiƙi!" Muka sassauta silin, na tura madubi. Rami ne kamar faɗin kwabo, inda ma'aikatar ta taɓa ɗaura eriyar rediyon oba-oba. Da za a yi gwanjo aka cire eriyar, aka liƙa tef ta ciki, aka shafe waje da foti aka fesa fenti. Fotin ya tsage siriri kamar gashi. Duk wanda ya sayi motar da ta yi aikin hukuma ko na jami'an tsaro, ya hau ya shafa rufinta da tafin hannu, ramukan jiniya da eriya ba sa ɓacewa.

Mataki na 6: Idan ruwan ya ƙi nuna kansa

Juya gwajin. Rufe komai, kunna fanka a kan ƙarshenta, ka sa ta a kan shaƙo iskar waje, sannan ka toshe tagogin nan na bangon baya da tef in hannunka na kaiwa. Iska za ta cika ɗakin ta nemi mafita. Kaɗa omo a ruwa ka shafa da soso a gefen gilasai da haɗin rufi, kamar yadda mai faci ke neman hujin tayar da ta sace. Inda kumfa ta tashi, nan ne.

Ko kuma ka barbaɗa hoda a kan busasshen ƙarfe da robar ƙofa, ka bar motar ta kwana a ruwa, da safe ka karanta sawun. In kana zargin wuri biyu, rufe ɗaya da tef ka sake zuba ruwa. In yoyon ya tsaya, ka sami amsa.

Mataki na 7: Gyara, sannan ka sake gwadawa

Magudanar da ta toshe shara ce maganinta. Robar da ta mutu a canza ta. Ledar ƙofa a yanko mai kauri a manne gefunanta duka. Zoben robar da aka soke a sa sabo, a lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga, don ruwa ya ɗige a waje. Ramin rufi a toshe shi da marfin roba da gam ɗin bodi, ko a yi masa walda bayan an cire silin gaba ɗaya, a kankare tsatsa a shafa fenti.

Abin da nake roƙo shi ne a rabu da silikon ɗin bayan gida, mai warin tsami. Tsamin nan yana cin ƙarfe, kuma gam ɗin gilashi na gaskiya ba ya kama wurin da silikon ya taɓa, don haka ka ɓata wa wanda zai yi aikin ƙwarai daga baya. In gilashin ne da gaske, a cire shi, a gyara ƙarfen, a sake mannawa.

Bayan gam ya bushe, koma da tiyo kan wurin na minti 10, sannan ka ƙarasa sauran wuraren da ba ka kai ba, domin tsohuwar mota takan yi yoyo ta wuri biyu a lokaci guda. Kada ka yi saurin mayar da kafet. Shimfiɗa jarida a kan ƙarfen, ka bar motar a waje ta sha ruwan sama na gaske sau ɗaya ko biyu. In jaridar ta wayi gari a bushe, fitar da soson ƙarƙashin kafet ka shanya shi a rana har sai ka matsa da ƙarfi ba ka ji laima ba, sannan ka mayar da komai.